Gudun Fanfalaki Cikin Zafi: Me Ke Ɗaure Ƙafar Ɗan Tsere?

Saura minti ɗaya sha biyun dare aka saki mata 68 a titin bakin teku na birnin Doha, ranar 27 ga Satumba 2019, domin gudun fanfalaki na gasar duniya. An kai tseren tsakar dare ne don a kauce wa ranar ƙasar Katar, sai dai rana ta faɗi ta bar zafinta a baya. Awo ya nuna digiri 32 da ɗoriya, iska kuma jiƙe take sharkaf, danshinta ya haura kashi 70 cikin ɗari. Mata 28 ba su ga ƙarshen tseren ba, wasu ma a keken marasa lafiya aka fitar da su. Ruth Chepngetich 'yar Kenya, wadda ta zo ta ɗaya, ta yi awa 2 da minti 32 da sakan 43, alhali a watan Janairun shekarar, a Dubai, ta cinye wannan tazara ta kilomita 42.195 cikin awa 2 da minti 17 da sakan 8. Ƙafafun nan dai su ne, huhun shi ne, zafi kaɗai ya karɓe mata minti goma sha biyar. Ba a yi wata guda ba kwamitin Olamfik na duniya ya ɗauke gudun fanfalakin gasar Olamfik ta Tokyo ya kai shi Sapporo, wajen kilomita 800 can arewa.

Idan gwanayen duniya ke nan, ina ga malamin makaranta ko ma'aikacin banki da ya yi wata huɗu yana tashi da asuba don ya je tseren Legas ya gwada sa'arsa? Irin wannan mutum ba lambar zinariya yake tsoro ya rasa ba. Abin da ke hana shi barci shi ne wajen kilomita 30, inda sharaɓa ke fara motsi ita kaɗai, kafin ya ankara ta dunƙule ta yi tauri, ya tsaya cak a tsakiyar titi yana cije baki. Ka tambayi mutum goma dalili, tara za su ce maka gumi ne ya kwashe masa gishirin jiki. Amsar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ita ce babbar gaskiyar ba, kuma riƙe ta kaɗai ya sa mutane da yawa suna sayen magani a inda ciwon ba ya nan.

Sai an fara da zafin kansa. Duk ƙarfin da tsoka ke ƙonawa yayin gudu, abin da ke zama tafiya bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, ragowar zafi yake komawa a cikin jiki. Jikin kuwa yana aiki ne a wajen digiri 37, kuma idan ya haura 40 an shiga haɗari. Babbar ƙofar fitar da wannan zafi ita ce gumi, amma fitowar gumin ba ta sanyaya kowa, bushewarsa a kan fata ce ke ɗauke zafin. Duk wanda ya sha ruwan randa ya san wannan ko bai taɓa shiga aji ba: a bazara, da iska ke bushe, ruwan da ke tsatsowa ta jikin randar yana bushewa nan da nan, na ciki ya yi sanyi ƙarara, da damina ta zauna iska ta jiƙe, randar ta rage sanyi. Shi ya sa digiri 30 na Legas ke iya gallabar ɗan tsere fiye da abin da lambar ta nuna. Mutumin Sakkwato ko Yamai da ya saba da ranar Afrilu mai wuce digiri 40 yakan raina zafin kudu, ya ce wannan ai wasan yara ne. A gida guminsa na bushewa tun kafin ya gan shi. A Legas kuwa zuba yake yi ya cika takalmi, an yi asarar ruwan, sanyin bai samu ba.

Akwai kuma rigimar jini. Tsoka na neman jini don ya kawo mata iska, fata na neman jinin don ta sauke zafi, ruwan jinin kuma yana raguwa da kowace lita ta gumi, wadda a wajen masu gudu kan kai ɗaya zuwa biyu a awa guda. Zuciya sai ta ƙara bugu don ta biya wa kowa buƙata. Saurin da mutum ke yi yana hira a safiyar hunturu sai ya zama aiki ja a safiya mai zafi, tsoka ta gaji tun ba a je ko'ina ba. Binciken da aka yi kan sakamakon manyan tsere na Landan, Paris, Berlin, Boston, Chicago da New York ya nuna an fi yin gudu mai kyau idan sanyi ya sauka wajen digiri 10 ko ƙasa da haka. Ba banza ba aka zaɓi safiyar Oktoba a birnin Vienna lokacin da Eliud Kipchoge ya yi gudunsa na awa 1 da minti 59 da sakan 40 a 2019.

Magabata a wannan wasa sun koyi darasin ne da jikinsu. A Olamfik na 1904 a St. Louis ta Amurka, an yi tseren da rana cikin ƙura, aka kuma ƙuntata ruwan sha da gangan. Mutum 32 suka tashi, 14 suka gama, wanda ya ci ma, Thomas Hicks, sai da aka yi ta ɗura masa barasa da ɗan guba mai zaburar da jiki. A 1912 a Stockholm, Francisco Lázaro na ƙasar Fotugal ya faɗi wajen kilomita 30, washegari ya rasu. A 2007 masu shirya tseren Chicago sun dakatar da shi ana tsakiyar yi saboda zafi. A 2018, a gasar Commonwealth a Gold Coast ta Ostareliya, duniya ta kalli Callum Hawkins na Scotland yana kan gaba da tazara mai yawa, saura kilomita biyu kacal, ya yi ta tangaɗi har ya zube a gefen titi.

To, ina ƙullewar tsoka ta shigo? Labarin gishiri ya samo asali ne daga ramukan haƙar kwal na Ingila, da ɗakunan injin jiragen ruwa inda masu zuba wa tukunya gawayi ke wuni cikin wuta. A shekarun 1920 likitoci sun lura irin waɗannan leburori suna gumi ba kaɗan ba, suna kwankwaɗar ruwa zalla, sannan jikinsu ya riƙa ɗaurewa. A farkon shekarun 1930 masana daga jami'ar Harvard, David Dill da John Talbott, sun bi ma'aikatan da ke gina madatsar ruwa ta Hoover a hamadar Amurka suka ga irin wannan, kuma da aka sa gishiri a abin shan ma'aikata matsalar ta ragu. Wannan shaida ce ta gaske, ba tatsuniya ba. Daga nan maganar ta shiga filin wasa, kamfanonin lemon 'yan wasa kuma suka rungume ta hannu bibbiyu, don kuwa bayanin da ke ƙarewa da a sayi kwalba ba ya rasa masu tallata shi.

A 1997 wani likitan wasanni a jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu, Martin Schwellnus, ya fito da tambayoyin da suka girgiza wannan bayani. In ƙarancin gishiri ne, wanda ya shafi jinin jiki gaba ɗaya, me ya sa tsokar da ke aiki kaɗai ke ɗaurewa, sharaɓa da cinya, ban da wuya ko hannu? Me ya sa miƙe tsokar ke sake ta cikin ɗan lokaci, alhali miƙewa ba ta ƙara wa jini ko ƙwayar gishiri? Me ya sa ake samun ƙullewar a cikin sanyi, har a wajen masu ninƙaya? Shi da abokan aikinsa suka ɗebi jinin masu gudun Two Oceans mai kilomita 56, da na masu gasar Ironman, suka kwatanta waɗanda ƙafarsu ta ɗaure da waɗanda ba ta ɗaure ba. Ba su sami wani bambancin a zo a gani a gishirin jini ko a yawan ruwan da aka rasa ba. Abin da ya riƙa fitowa fili abu biyu ne: wanda ƙafarsa ta taɓa ɗaurewa a baya ya fi shiga haɗarin sake gani, haka ma wanda ya yi gudu da saurin da ya zarce abin da ya saba.

Bayanin da Schwellnus ya kawo ya koma kan jijiyoyin saƙo. A cikin kowace tsoka akwai 'yan na'urorin ji da ke aika wa laka saƙon "a ƙara matsewa", a jikin agara kuma, inda tsoka ke kama ƙashi, akwai wasu da ke aika saƙon "a sassauta". Muddin jiki na da ƙarfi, saƙonnin biyu suna daidaita juna. Da gajiya ta yi yawa, masu cewa a matse sai su ƙara murya, masu cewa a sassauta su yi ƙasa, laka ta yi ta turo umarnin matsewa ba ƙaƙƙautawa. Abin ya fi kama tsokar da ta ratsa gaɓa biyu, kamar sharaɓa da bayan cinya, musamman idan tana aiki a takure. Miƙe ta kuwa yana jan agara, ya tayar da masu cewa a sassauta, shi ya sa yake aiki nan take.

Wani gwaji na 2010 ya ƙara wa wannan bayani ƙarfi ta hanyar da ba a zata ba. Masu horar da 'yan ƙwallo a Amurka sun daɗe suna ba yaransu ruwan da ake jiƙa kokwamba a ciki, mai gishiri da ruwan khal, suna rantsuwa yana sakin ƙafa. Kevin Miller da abokan aikinsa suka sa mutane suka yi gumi, suka ɗaure musu tsokar babban yatsan ƙafa da lantarki, sannan suka ba su ko dai wannan ruwan tsami ko ruwa zalla. Masu ruwan tsami tsokarsu ta saki cikin kimanin sakan 85, masu ruwa zalla sai da suka haura minti biyu. Abin lura shi ne sakan 85 bai isa abin sha ya bar ciki ya shiga jini ba, kuma da aka duba jinin gishirinsa bai canja ba. Ke nan tsamin ne ya bugi jijiyoyin baki da maƙogwaro, saƙo ya tafi laka ya kwantar da hayaniyar. Maganin da aka ɗauka hujjar masu gishiri ne sai ya zama shaidar abokan hamayyarsu.

Duk da haka ba a rufe littafin gishiri ba, kuma duk wanda ya ce an rufe ya yi azarɓaɓi. A 2019 masu bincike a jami'ar Edith Cowan ta Ostareliya, ƙarƙashin Ken Nosaka, sun sa mutane gudu cikin ɗaki mai zafi har suka zubar da ruwan jiki, sannan suka ba su abin sha. Da suka sha ruwa zalla tsokarsu ta ƙara saurin ɗaurewa, da suka sha ruwan gishiri da sukari irin na masu gudawa kuwa ta ƙara juriya. Wannan ya yi daidai da abin da aka gani a ramin kwal shekara ɗari da suka wuce: matsalar ta fi zuwa ne idan an zubar da gumi mai gishiri an maye gurbinsa da ruwa zalla mai yawa. Mutane kuma sun bambanta ƙwarai. Wani litar guminsa ba ta ɗauke da ko rabin giram na sinadarin sodiyam, wani kuwa ta kusa giram biyu, irin wanda za ka ga farin gishiri ya yi zane a hularsa da rigarsa bayan gudu.

A ganina, ga yadda lamarin yake ga mafi yawan masu gudun fanfalaki. Ƙullewar ƙafa a kilomita 30 bashi ne da aka ci a kilomita goma na farko. Mutum ya yi atisaye da wani sauri a cikin sanyin asuba, ranar tsere ga zafi, ga kiɗa, ga jama'a na ihu, ga wani tsoho ya wuce shi, sai zuciya ta ɗebe shi ya ƙara wuta a ranar da ya kamata ya rage. Zafi ya riga ya rage abin da ƙafarsa za ta iya ɗauka, shi kuma ya ƙara mata kaya. Gishiri na iya zama abin da ya ƙarasa tunkuɗa mai gumi da yawa, amma ba a samun ƙwayar gishirin da za ta maye gurbin dogon gudun da ba a yi ba a watannin shiri. Wani bincike kan masu tseren Valencia ta Sifaniya ya ma gano waɗanda ƙafarsu ta ɗaure sun fi nuna alamun lalacewar tsoka a jini, kuma sun fi ƙarancin atisayen ƙarfafa ƙafa, ruwan jikinsu da gishirinsu kuwa kusan ɗaya da na sauran.

Saboda haka ba a fafe gora ranar tafiya. Jiki yana koyon zafi, kuma yana koyo da wuri: kwana goma zuwa sha huɗu na motsa jiki a cikin zafi, ana farawa a hankali, sun isa ruwan jini ya ƙaru, gumi ya riƙa fitowa da wuri, gishirin cikinsa ya ragu, bugun zuciya ya sauka. Wannan ya shafi masu gudun Najeriya kai tsaye. Tseren Legas, wanda aka fara a 2016, galibi a watan Fabrairu ake yin sa, wato ɗan arewa zai yi dukan shirinsa ne a hunturu, cikin iska mai sanyi da bushewa, sannan ya sauka cikin danshin bakin teku. 'Yan tseren Filato, irin na Pankshin, waɗanda suka saba mamaye rukunin 'yan gida, su ma daga sanyin tsauni suke gangarowa. Akwai kuma wani rashin adalci da agogo ke yi: a shekarun baya ana tashi da sassafe daga filin wasa na Surulere, 'yan Kenya da Habasha sun gama sun sha ruwa tun hantsi bai dubi ludayi ba, amma mai awa biyar rana takan same shi a kan titi, bayan ya ratsa gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12 da babu inuwar ko bishiya ɗaya. Wanda ya fi kowa rauni shi ya fi kowa daɗewa a rana.

Idan ƙafar ta fara ba da sanarwa, wato tsoka na ɗan zillo, a rage sauri nan take, a gajarta taku. In ta ɗaure, a tsaya a miƙe ta a hankali ba da fizga ba. Sharaɓa ce, a dafa bango ko ƙarfen gefen titi, a miƙar da gwiwa, diddige na ƙasa, a karkato gaba, a riƙe har ta saki. Bayan cinya ne, a miƙe ƙafar gaba a sunkuya kanta. Daga nan a taka da ƙafa na ɗan lokaci kafin a koma sassarfa, kuma a haƙura da lokacin da aka ci buri, don tsokar da ta ɗaure sau ɗaya tana nan a kusa da sake yi. Zuba ruwa a ka da wuya, ko sa ƙanƙara a hula, yana taimakawa ainun, ya ma fi a yi ta ɗura wa ciki ruwa.

Batun shan ruwa yana buƙatar a tsaya a kansa, domin nasihar "sha da yawa kada ka bushe" ta kashe mutane. A tseren Boston na 2002 an gwada jinin mutum 488 bayan sun gama, aka sami kashi 13 cikin ɗari gishirin jininsu ya yi ƙasa da ƙima, kuma a tseren nan wata mata mai shekara 28 ta rasu ta wannan hanya. Waɗanda abin ya fi kamawa su ne masu tafiya a hankali da ke tsayawa a kowane teburi su sha, har su gama tsere nauyinsu ya fi na lokacin da suka tashi. Ruwan ya tsarma jini, ƙwaƙwalwa ta kumbura. A ɗaya gefen, an auna Haile Gebrselassie lokacin da ya ci tseren Dubai a 2009 aka ga ya zubar da kusan kashi goma cikin ɗari na nauyinsa. Ba wai a kwaikwaye shi ba ne, amma ya nuna ɗan raguwar ruwa ba ita ce dodon da ake zuzutawa ba. Ƙishirwa jagora ce mai kyau ga yawancin mutane. Wanda ke son ya san jikinsa ya hau sikeli kafin gudun awa ɗaya da bayansa: kowane kilo da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta gumi. Mai gumi da gishiri ya haɗa da ruwan gishiri da sukari, wanda ake samu a kowane kemis, kuma ya gwada shi tun a atisaye, kada cikinsa ya fara saninsa ranar tsere.

Sauran abubuwan da ake sha don rigakafi ba su da wata hujja mai ƙarfi. Ayaba abinci ce mai kyau ga mai gudu saboda ƙarfin da take bayarwa, amma sinadarin fotashiyam da ake yabonta da shi kaɗan ne ke fita a gumi. Kwinin, wanda aka daɗe ana bayarwa don ƙullewar ƙafa, hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa saboda yana iya taɓa jini da zuciya. Mafi muni shi ne al'adar haɗiyar ibuprofen ko diclofenac kafin tsere, wai don a riga ciwo. Ƙoda tana cikin ƙuncin jini ga zafi ga gumi, waɗannan ƙwayoyi kuma suna ƙara matse mata hanya. Tramadol kuwa, baya ga ɓarnar da kowa ya sani, hukumar yaƙi da ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun daga 2024.

Ƙullewar tsoka ita kaɗai, duk da azabarta, ba ta kisa. Abin tsoro shi ne abubuwan da ke zuwa da kamanninta. Mai gudun da ya fara tangaɗi, ko surutai marasa kan gado, ko faɗa da masu taimakonsa, ko bai san inda yake ba, ba ƙafa ce ke damunsa ba, zafi ne ya kai ƙwaƙwalwa, ko da kuwa jikinsa sharkaf yake da gumi. Ƙa'idar likitocin wasanni ita ce a sanyaya shi tukuna kafin a ɗauke shi zuwa asibiti: a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara har wuya, in babu baho a yi ta kwarara masa ruwan sanyi ana fifita, kuma minti talatin ɗin farko su ne ke raba rai da mutuwa. Wanda kuma ya gama tsere ya ga fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi, ga ciwon tsoka da ya wuce misali, naman jikinsa ne ke narkewa yana toshe ƙoda, asibiti za shi a ranar.

Na ukun ya shafe mu fiye da yadda littattafan gudu na Turai ke nunawa. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya jininsa AS ne, wato yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila. Mafi yawansu suna wasanni lafiya lau, har da manyan 'yan wasa, kuma ba wanda ya ce su bari. Amma idan aka haɗa matsanancin ƙoƙari da zafi da ƙarancin ruwa, musamman ga wanda ke fama da zazzaɓi ko bai gama murmurewa ba, ƙwayoyin jininsu na iya lanƙwashewa su toshe ƙananan hanyoyin jini a tsoka. Mutuwar 'yan wasa ta wannan hanya ce ta sa hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta fara tilasta gwajin jinin a 2010. Ana iya bambance su da hannu. Mai ƙullewar tsoka yana ihu yana murƙususu, ka taɓa sharaɓarsa ka ji ta kamar dutse. Mai wannan matsala kuwa sulalewa yake yi ƙasa, ƙafafunsa sun mutu, numfashi sama-sama, ka taɓa tsokar ka ji ta da laushi. Irin wannan ba a tsayawa miƙe masa ƙafa ana cewa ya daure saura kaɗan. A kwantar da shi a inuwa, a sanyaya shi, a ba shi iskar oksijin in akwai, a kira motar asibiti, kuma a gaya wa likitan da ya karɓe shi cewa jininsa AS ne tun a bakin ƙofa.